Takardun Gunduma da Asalin Gidan Lincoln a Amurka

A tsarin mulkin Amurka an rarraba jihohi zuwa yankunan da ake kira gundumomi, waɗanda matsayinsu ya yi kusa da na ƙananan hukumomi a Nijeriya, kuma tun zamanin da Ingila ke mulkin gaɓar gabashin ƙasar, musamman a Bajiniya da yankunan da suka gaji dokokinta, gunduma ce ke da kotu da gidan yari da ofishin magatakarda, wato ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin rubuta cinikin filaye, da wasiyyar mamata, da izinin aure, da sunayen masu biyan haraji. An yi waɗannan rubuce-rubuce ne domin hukuma ta karɓi kuɗinta, mai bin bashi ya sami hujja, magada kuma su san rabonsu, kuma wannan shi ne ya ba su daraja a wurin masu binciken da suka zo daga baya, domin akawun da ke ƙirga dawakin manomi saboda haraji ba shi da dalilin yabonsa ko kushe shi. Galibin iyalan da suka fara kutsawa dazuzzukan yamma a ƙarni na 18 ba su bar wasiƙu ko littattafai ba, saboda haka mai son bin sawunsu dole ne ya bi ta cikin waɗannan kundaye, kuma da wuya a sami gidan da ya nuna amfanin wannan hanya da iyakarta kamar gidan Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, wanda ya yi mulki daga 1861 har zuwa kisan da aka yi masa a 1865.

Shi kansa Lincoln bai san asalinsa da nisa ba. A 1848, lokacin yana ɗan majalisar wakilai, wani mutumin garin Hingham na jihar Masacusets mai suna Solomon Lincoln ya nemi sanin ko danginsu ɗaya ne, sai ya amsa cewa mahaifinsa ya tashi maraya cikin talauci a sabuwar ƙasa, don haka abin da ya sani game da magabatansa kaɗan ne, bai wuce kakansa ba sai ɗan abin da ya ji na cewa daga Pensilbaniya suka fito. Sai bayan rasuwarsa masu bincike suka haɗa sarƙar, aikin da littafin Lea da Hutchinson na 1909 ya tattara, aka kuma tabbatar cewa tushen gidan shi ne Samuel Lincoln, yaron masaƙi daga yankin Norfolk na Ingila, wanda ya tsallako teku a 1637 tare da maigidansa Francis Lawes, ya zauna a Hingham ɗin nan ta Masacusets har ya rasu a 1690. Tun daga wannan mataki na farko takardu suka saɓa wa juna, domin jerin sunayen matafiya ya ba shi shekara 18, alhali kundin baftisma na cocin garinsu na Ingila, wanda shi ma Hingham ne sunansa, ya nuna an yi masa baftisma a 1622, wanda ke nufin shekarunsa ba su wuce 15 ba. Irin wannan saɓani ba ya rushe hujja, yana dai tilasta wa mai bincike ya tambayi wanda ya rubuta kowace takarda, da abin da ya sa ya rubuta ta, da kuma wanda ya ba shi labarin.

Jikan Samuel, mai suna Mordecai, ya gangara kudu har ya kafa gida a yankin da daga baya ya zama gundumar Berks ta Pensilbaniya, inda ya rasu a 1736, ɗansa John kuma ya sayi eka 600 a bakin rafin Linville a Bajiniya a 1768, a wurin da a lokacin ke cikin gundumar Augusta, wanda aka yanke ya zama gundumar Rockingham a 1778. Wani ɓangare na kundayen Rockingham ya ƙone a watan Yunin 1864, lokacin yaƙin basasa, sa'ad da sojojin gwamnatin tarayya suka cim ma kekunan dokin da aka loda su don a ɓoye, suka cinna musu wuta, kuma giɓin da wannan gobara ta bari yana nan har yau a tarihin iyalai da yawa na wannan yanki.

Ɗan John, wanda ake kira Kyaftin Abraham saboda muƙaminsa a rundunar sa-kai, shi ne kakan shugaban, kuma a kansa ne labarin ya shiga Kentaki, wadda a lokacin yanki ce ta Bajiniya a bayan duwatsu. Dokar filaye da Bajiniya ta kafa a 1779 ta shimfiɗa matakai huɗu kafin mutum ya mallaki fili a can: zai sayi takardar izini daga baitulmalin jiha wadda ta faɗi yawan ekar da ya biya ba tare da ta faɗi inda suke ba, sannan ya je ofishin mai safiyo na gunduma ya rubuta wurin da ya zaɓa, sannan a auna masa, sannan gwamna ya sa hannu a takardar mallaka. A watan Maris na 1780 Kyaftin Abraham ya biya fam 160 ya karɓi izinin eka 400, an kuma auna masa filin a watan Mayun 1785 a rafin Long Run cikin gundumar Jefferson, sai dai an rubuta sunansa Linkhorn, yadda akawu ya ji shi a bakin mutane. Wannan takardar awo ta gyara wani abu da shugaban ya riƙe duk rayuwarsa, domin shi ya rubuta cewa an kashe kakansa wajen 1784, amma mutumin da aka auna wa fili a 1785 yana raye a shekarar da ta gabace ta, kuma masu bincike sun tsayar da rasuwar a watan Mayun 1786, lokacin da wani ɗan asalin ƙasar ya harbe shi yana aiki a gonarsa a gaban 'ya'yansa maza uku.

Wannan bambanci na shekara biyu yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Kyaftin ya rasu bai bar wasiyya ba, kuma a lokacin Bajiniya tana bin tsohuwar dokar Ingila wadda ke ba ɗan fari namiji dukan filayen uban da ya mutu babu wasiyya. Majalisar jihar ta riga ta soke wannan doka a 1785, amma sokewar ba ta fara aiki ba sai 1 ga Janairun 1787, wato watanni kaɗan bayan rasuwar. Saboda haka babban ɗa, Mordecai, shi ya gaje filayen, ƙaramin kuwa, Thomas, mahaifin shugaban, wanda aka haifa a 1778, ya tashi yana ƙodago a gonakin mutane har ya koyi kafinta. Talaucin da shugaban Amurka ya taso a cikinsa yana da tushe a wata rana ta kalanda da wata doka ta gado, kuma babu tsoho ko tsohuwa a cikin dangin da zai iya bayyana hakan da baka.

Abin da ya fi wahalar da masu bin tarihin iyalan farko shi ne cewa gundumomi ba su tsaya wuri ɗaya ba, domin duk lokacin da jama'a suka ƙaru, tafiya zuwa kotu ta yi nisa, sai a yanka sabuwar gunduma daga tsohuwa, amma kundayen da aka riga aka rubuta su ci gaba da zama a tsohon ofishi. A 1776 Kentaki gaba ɗayanta gunduma guda ce, a 1780 aka raba ta uku, wato Jefferson da Fayette da Lincoln, wadda aka sa wa sunan Janar Benjamin Lincoln na yaƙin neman 'yanci. Daga Jefferson aka fitar da Nelson, daga Nelson kuma aka fitar da Washinton da Hardin a lokacin da Kentaki ta zama jiha a 1792, sannan a 1843 aka yanki LaRue daga Hardin. Sakamakon haka shi ne gonar da aka haifi Lincoln a cikinta ranar 12 ga Fabrairun 1809 tana gundumar LaRue a yau, kusa da Hodgenville, amma takardun zamanin suna Elizabethtown, hedikwatar Hardin.

Rashin kula da wannan ya jawo wa gidan ɓacin suna na shekaru da dama. An nemi shaidar auren Thomas Lincoln da Nancy Hanks, iyayen shugaban, a Hardin, inda aka san sun zauna, ba a samu ba, sai masu tsegumi suka mayar da rashin takarda hujjar cewa ba a ɗaura aure ba, har littafin tarihin rayuwar shugaban da ya fito a 1872 da sunan Ward Hill Lamon ya ba wannan zargi gurbi. Ashe bayan kisan Kyaftin matarsa Bathsheba ta kwashe 'ya'yanta zuwa Beech Fork, yankin da ya faɗa cikin gundumar Washinton, kuma a can Nancy take zaune tare da iyalin Berry. A 1878, shekara 13 bayan kisan shugaban, aka duba ofishin magatakardan Washinton da ke garin Springfield na Kentaki, aka tarar da takardu biyu. Ta farko takardar lamunin aure ce mai kwanan wata 10 ga Yunin 1806, wato alkawarin da doka ta wajabta wa ango da wani mai tsaya masa cewa za su biya gwamna fam 50 idan ya bayyana akwai abin da ya haramta auren, kuma a ƙasanta akwai sa hannun Thomas Lincoln da na Richard Berry a matsayin waliyyin amarya. Ta biyu kuwa rahoton Jesse Head ne, mai wa'azin ɗariƙar Metodis, inda ya jera aurarrakin da ya ɗaura, cikinsu har da na Thomas da Nancy ranar 12 ga Yunin 1806, kusan shekara uku kafin haihuwar Abraham. Abin takaici ne ƙwarai a ce mutuncin mace da ta rasu tun 1818 ya rataya a kan ko wani ya tuna ya leƙa ofishin gundumar da ke maƙwabtaka.

Haka nan takardu suka yi wa Thomas kansa adalci. William Herndon, abokin aikin lauyanci na Lincoln, ya tattara bayanan baka daga tsofaffin maƙwabta da dangi a 1865 da 1866, kuma aikinsa taska ce da ba a iya yi ba tare da ita ba, domin kunne ya girmi kaka, abubuwa da yawa game da ƙuruciyar shugaban ta bakin waɗannan mutane kawai aka san su. Sai dai hoton Thomas da ya fito daga wannan hanya na malalaci ne mai yawon banza wanda ba ya iya riƙe gona, hoton da ya yi wa masu son nuna cewa shugaban ya fito daga ƙurar ƙasa daɗi. Louis Warren, wanda ya zauna a Hodgenville da Elizabethtown yana tonon kundayen kotu, ya fitar da littafi a 1926 wanda ya nuna wani mutum dabam: kafinta da ke biyan harajinsa, wanda kotu ta sha zaɓa cikin masu taya alƙali yanke hukunci, ta ba shi gadin fursunoni, ta kuma naɗa shi mai kula da wani yanki na hanya. Kundin wani kanti a Elizabethtown ya nuna an biya shi ladan tafiya New Orleans da jirgin ruwan kaya a 1806, ya kuma sayi yadi ana gab da bikinsa, yayin da jerin haraji na 1814 ya sa shi na 15 a cikin masu dukiya 98 da aka lissafa. Wannan bai mayar da shi attajiri ba, amma ya fitar da shi daga sahun 'yan zaman kashe wando.

Dalilin tashe-tashensa ma yana rubuce. A Kentaki ana kwatanta iyakar fili ne da abin da ido ya gani, a ce daga wannan itace zuwa wancan dutse, daga nan a bi rafi zuwa wani kututture, kuma tun da Bajiniya ta sayar da takardun izini barkatai, kowa yana zaɓen wurinsa da kansa, sai filaye suka hau kan juna, mutum uku ko huɗu suna riƙe da takarda a kan gona guda, har Daniel Boone, wanda ya yi suna wajen buɗe hanyar Kentaki, ya rasa filayensa ta wannan hanya. Thomas ya sayi gonar Mill Creek mai eka 238 a 1803 kan fam 118, amma da ya zo sayarwa a 1814 sai aka ga kuskure a awon, eka 200 kawai ya iya miƙawa, ya karɓi fam 100. A watan Disamban 1808 ya biya Isaac Bush dala 200 kuɗi hannu don gonar Sinking Spring mai kimanin eka 300, inda aka haifi shugaban, bai san cewa David Vance, wanda ya sayar wa Bush, bai gama biyan mai filin na farko, Richard Mather, ba. A 1813 Mather ya shigar da ƙara yana haɗawa da su uku, a 1816 kotu ta ba da umarnin a yi gwanjon gonar. Ita kuma gonar Knob Creek, inda iyalin suka koma a 1811, magadan wani Thomas Middleton na Filadelfiya suka taso a 1815 suna da'awar eka 10,000 da ta haɗa da ita, suka nemi kotu ta tashi shi da maƙwabtansa. Gona uku, rikici uku, cikin shekara 13, kuma babu ko ɗaya da ya samo asali daga rashin noma.

A watan Disamban 1816 Thomas ya tsallaka kogin Ohio da iyalinsa zuwa Indiyana, a watan da ta zama jiha, kuma Lincoln da kansa ya rubuta a 1860 cewa bauta tana cikin dalilan ƙaurar, amma babban dalili shi ne rikicin takardun fili. A Indiyana gwamnatin tarayya ce ke sayar da ƙasa bisa dokar 1785, wadda ta wajabta a auna kafin a sayar, a yanka ƙasa murabba'i-murabba'i mai mil 6 kowane gefe, kowane ɗaya a kasa shi gida 36 masu eka 640, kowane gida da lambarsa, ta yadda mutum biyu ba za su sayi wuri ɗaya ba. Ranar 15 ga Oktoban 1817 Thomas ya je ofishin filaye na Vincennes ya yi rajistar rubu'in gida na 32, wato eka 160, kan dala 2 kowace eka, ya ba da kafin alƙalami na dala 16. Bai iya biyan duka ba, saboda haka ya yi amfani da sassaucin da majalisa ta yi wa masu irin wannan bashi, ya saki rabi, aka ba shi takardar mallakar eka 80 a 1827 da sunan Shugaba John Quincy Adams, kuma babu wanda ya taɓa ƙalubalantar ta. Nan ma iyaka ta motsa, domin wurin yana gundumar Perry lokacin da suka sauka, ya koma Spencer a 1818.

Duk da wannan amfani, kundin gunduma yana ganin mai dukiya ne, sauran jama'a kuwa sai ta gefen ido. Nancy Hanks ta bayyana a takardun aure, ta kuma bayyana a takardar cinikin Mill Creek ta 1814, inda ta yi alama a gurbin sa hannu, amma ba a rubuta haihuwarta ba, shi ya sa aka shafe fiye da ƙarni ana jayayya a kan iyayenta. Ƙidayar jama'a ta 1810 sunan maigida kawai ta ɗauka, mata da yara adadi ne a cikin layi, kuma sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci a gida. Gundumar Hardin tana da bayi fiye da 1,000 a wajen 1811, waɗanda jerin haraji ya ƙirga a matsayin dukiya, kuma kundin kotun da ya wanke Thomas daga zargin lalaci shi ne ya nuna an sa shi cikin 'yan sintiri a 1805, aikin da ya haɗa da sa ido kan zirga-zirgar bayi. Su kuwa ƙabilun 'yan asalin ƙasar, Shawnee da Cherokee, waɗanda suka daɗe suna farauta da zama a wannan ƙasa, takardar izinin da Bajiniya ta sayar ba ta ambace su ba, tarihin fili a kundi yana farawa ne daga ranar da baƙo ya biya kuɗi a baitulmali. Marubucin da ya ɗauki shirun takarda a matsayin rashin mutane ya zalunci waɗannan rukunai uku, kuma littattafai da yawa sun yi hakan.

Littattafan tarihin gunduma sun yawaita ne bayan 1876, shekarar da Amurka ta cika 100 da samun 'yanci, lokacin da majalisa da Shugaba Ulysses Grant suka yi kira ga kowace gunduma da kowane gari su rubuta tarihinsu. Kamfanonin ɗab'i sun shiga harkar, suna karɓar kuɗi daga manoma da 'yan kasuwa domin a sa tarihin gidansu da hotonsu, don haka wanda ya biya shi ya zama jigon gari, wanda ya ƙaura ko ya talauce kuwa aka manta da shi. Ko marubutan da suka san wurin ciki da waje sukan yi tuntuɓe: Samuel Haycraft, wanda ya daɗe yana magatakardan kotu a Hardin, ya kuma rubuta tarihin Elizabethtown a 1869, ya yi kuskure a 1860 game da mahaifiyar Lincoln, sai da Lincoln ya gyara masa a wasiƙa cewa Nancy Hanks ce ta haife shi, kuma ba a cikin garin aka haife shi ba, yayarsa ce aka haifa a can.

A gonar Sinking Spring, wadda kotu ta raba Thomas da ita, an gina babban ginin tunawa na dutse, wanda Shugaba Theodore Roosevelt ya aza harsashinsa ranar 12 ga Fabrairun 1909, Shugaba William Taft ya buɗe a 1911, aka kuma ajiye a cikinsa wata bukkar gungume da aka daɗe ana yawon nuni da ita a matsayin ɗakin da aka haifi Lincoln. Babu wata takarda da ta haɗa bukkar da Thomas Lincoln, kuma binciken da masana suka yi a 2004 ta hanyar ƙirga zoben shekarun da ke cikin itacen ya nuna an sare gungumen ne daga shekarun 1840 zuwa sama, fiye da shekara 30 bayan haihuwar. Hukumar da ke kula da wurin tana gabatar da ita ne a yau a matsayin misalin irin ɗakin da iyalin suka zauna a ciki.